Abin Da Ya Tarwatsa Rokar Turai A 1996, Da Yadda Aka Bi Sawunsa

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a zaman ƙungiya na ƙarshen wata)

 

  

Da sakatare ya aiko mini cewa ni ne da magana a zaman wannan wata, kuma in zaɓi abin da na ga dama, na san da yawa sun zaci batun tsadar mota zan yi, ko kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya. To ba shi ba ne. Maganar roka zan yi, wato irin wadda ake harba tauraron ɗan Adam da ita. Na ga wasu a sahun gaba har sun soma murmushi. Gaskiyarku ne, ni ba injiniya ba ne, iyakata Islamiyya sai kasuwa. Yarona da ke karatun kwamfuta shi ya zo hutu da labarin, ya ce a aji ake koya musu shi. Na sa ya zauna dare uku yana karanta mini rahoton binciken yana warware mini, ina tambaya yana amsawa, har ya gaji da ni. Abin ya tsaya mini a rai saboda wani dalili da zan faɗa in mun yi nisa.

Ranar Talata 4 ga watan Yuni 1996, ƙasashen Turai suka yi shirin harba sabuwar rokarsu mai suna Ariane 5. Ba a Turai suke harbawa ba. Suna da fili a wani gari da ake kira Kuru, a Giyana ta Faransa, can Amurka ta Kudu a bakin teku. Sun zaɓi wurin ne don yana kusa da tsakiyar duniya, kuma ta gabas babu kowa sai ruwa, ko abu ya faɗo ba zai faɗa kan gari ba. Rokar nan ta yi kusan shekara 10 ana aikinta. Nauyinta ya haura tan 700, ku lissafa tirela nawa ke nan. Wannan ne tashinta na farko, kuma ba wayam ta tashi ba, an ɗora mata taurari 4 da ake kira Cluster, waɗanda masana suka ƙera don su auna yadda iskar da ke fitowa daga rana take karo da maganaɗisun da ya kewaye duniya.

Da misalin ƙarfe 9 da rabi na safe agogon can aka kunna. Ta tashi lafiya lau. Sakan 10, sakan 20, sakan 30, komai daidai. A sakan na 37 sai kawai ta karkace ta yi gefe, kamar motar da aka fizge wa sitiyari. Kafin a kai sakan 40 ta kakkarye ta yi bindiga a sama, a tsayin mita 3,700 ko kusa da haka. Cikin ikon Allah babu wanda ya mutu, don ba mutum a ciki. Amma dukiyar da ta ƙone ana ƙiyasta ta da dala miliyan 370 ko fiye, ban da shekarun da masu taurarin suka ɓata.

To jama'a, nan ne maganata ta soma. Asara ta auku a gaban idon duniya. Me suka yi?

Nan da nan hukumar sararin samaniya ta Turai da takwararta ta Faransa suka kafa kwamitin bincike na mutum 9 daga ƙasashe dabam-dabam. Wanda suka ba shugabanci wani shehin malamin lissafi ne Bafaranshe, Farfesa Jacques-Louis Lions. Kwamitin ya soma zama ranar 13 ga Yuni, ya miƙa rahoto ranar 19 ga Yuli. Mako 5 da kwana ɗaya. Kuma rahoton ba a kulle shi a durowa ba, an bayyana wa duniya, har yau duk mai so zai iya samu ya karanta. Mu da muka saba jin an kafa kwamiti, daga nan sai shiru kamar an shuka dusa, wannan kaɗai abin lura ne.

Shaidun da suka tara iri uku ne. Akwai saƙonnin da rokar ke aikowa ƙasa tana tafiya, don roka ba ta yin shiru, kowane ƙiftawar ido tana faɗin zafinta da gudunta da halin injinta. Akwai hotuna da abin da na'urorin hango jirage suka ɗauka. Sannan akwai tarkacen. Shi tarkacen ya warwatsu a fili mai faɗin murabba'in kilomita 12, kuma yawancinsa fadama ce mai laka da sarƙaƙiyar itatuwa, irin dai wadda 'yan uwanmu da ke zaune bakin ruwa suka sani. Haka aka shiga cikin taɓon nan ana tono, har Allah ya sa aka samo wasu akwatuna biyu da su ne suka zama manyan shaidu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka riƙa sallamar waɗanda ake tuhuma ɗaya bayan ɗaya. An ɗan jinkirta harbin da safen saboda sararin sama bai washe ba, sai aka ce ko tsawa ce ta faɗa mata. Suka duba, babu. Aka ce ko inji ne. Suka duba, injuna suna aikinsu har lokacin da abin ya faru. Har ma sun tarar da wata matsala ta gaske, daga sakan na 22 man da ke motsa bakin babban injin ya soma wata irin rawa da ba a saba gani ba. Da irinmu ne, wallahi da nan za mu tsaya mu ce an kama ɓarawo. Su kuwa suka rubuta cewa wannan matsala ce, a bincike ta, amma ba ita ta kayar da rokar ba. Suka wuce.

Sai suka ɗauki hanyar mai bin sawun dabbar da ta ɓata, daga inda aka ga ƙarshenta a koma baya. Me ya sa ta yi bindiga? Don an yi mata tsarin da za ta tarwatsa kanta in ta soma kakkaryewa, kada ta faɗa kan mutane. Me ya sa ta kakkarye? Don ta juya wa iska gefenta tana cikin tsananin gudu, iska ta ɓalle manyan bututu biyun da ke manne a jikinta. Me ya sa ta juya? Don bakunan da wuta ke fita, mu ce salansarta, an karkata su gaba ɗaya har iyakar inda suke kaiwa, da su kuwa ake tuƙa ta. Wa ya karkata su? Babbar kwamfutar da ke cikin rokar, wadda ita ce direba. To ita direbar hauka ta yi? A'a, lafiyarta lau. Abin da aka faɗa mata shi ta bi. Wa ya faɗa mata?

Nan aka zo kan akwatunan nan biyu da aka tono a laka. Kowannensu na'ura ce ta sanin alƙibla. Ita ke gaya wa direba ga inda muke, ga gudunmu, ga inda hancinmu ya dosa. Guda biyu aka sa, ɗaya tana aiki, ɗaya tana jiran ko ta kwana. Da aka buɗe ƙwaƙwalwarsu aka karanta abin da suka adana, sai aka ga dukkansu biyu sun kashe kansu, kuma ciwo ɗaya ne ya kama su.

Yanzu ku ba ni hankalinku, don nan ne wurin da yaron nan ya sha wahala kafin in gane. Da kalkuleta na gane shi. Kowa a nan ya san ƙaramin kalkuletan nan na aljihu mai gidan lamba 8. Zamanin da muke cinikin dubbai, bai taɓa ba mu kunya ba. Ranar da lissafi ya kai miliyan 100, sai ya nuna maka wani harafi a gefe ya ƙame, ba gaba ba baya. Bai lalace ba. Lambar ce ta fi gidan da aka tanadar mata.

Haka ya faru da na'urar alƙiblar nan. A cikin rubutaccen umarnin da aka ɗura mata, wanda yaran yanzu ke kira manhaja, akwai wani wuri da ake ɗaukar wata lamba mai alaƙa da gudun rokar ta gefe, a zuba ta daga babban gida zuwa ƙaramin gida. Shi ƙaramin gidan iyakar abin da yake ɗauka 32,767. Manhajar kuwa ba sabuwa ba ce, gado ce daga tsohuwar roka Ariane 4, wadda ta soma tashi a 1988. A tsohuwar rokar lambar ba ta taɓa kaiwa bakin gidan ba, don tafiyarta ta farko a hankali take. Ita kuwa sabuwar, saurin da take tara gudu ta gefe ya ninka na tsohuwar sau 5. A sakan na 37 lamba ta cika gida ta tumbatsa. Na'ura ta ce ni kam na ga abin da ban sani ba, ta kashe kanta, don haka aka umarce ta ta yi in ta ga kuskure.

Wani zai ce, ai shi ya sa aka sa biyu. To ɗan uwa, in kalkuletanka mai gida 8 ya ƙame, ka zaro wani irinsa sak daga aljihu ka buga masa lissafin nan, me zai yi? Ta jiran ma ita ta riga mutuwa, da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Da direba ta waiwaya ta nemi ta biyu, sai ta tarar da gawa. Masu ƙirar sun yi tanadin ranar da waya za ta tsinke ko wani ƙarfe ya ƙone a ɗaya daga ciki. Ba su yi tanadin ranar da tunanin da aka zuba wa dukkansu biyun zai zama shi ne mai aibi ba.

Saura ƙaramin abu mai ban takaici. Da na'urar za ta mutu, ta aika wa direba saƙon cewa ga abin da ya same ni. Direba kuwa ba a koya mata bambanta kukan neman taimako da bayanin hanya ba. Ku ɗauka yaron mota ne a baya yana yi wa direba jagora, ya yi ihu ya ce "ban gani ba!", direba ya ji kamar an ce "karya kwana!", ya murɗe sitiyari har ƙarshe. Haka ta murɗe.

Amma abin da ya sa na ajiye kofin shayina da yaron ya karanto shi ne wannan: aikin da ya jawo duk wannan bala'i, ba a ma bukatarsa. Lissafin nan na daidaita na'urar ne tun roka tana ƙasa. Da zarar ta ɗaga, ba shi da sauran amfani. A zamanin tsohuwar rokar ne aka bar shi ya ci gaba da gudana kimanin sakan 40 bayan tashi, don in an dakatar da harbi a ƙurarren lokaci kada a sake zaman daidaitawa na minti 45 ko fiye. Rahoton ya ce sau ɗaya tak aka ci moriyar wannan dabara, a 1989. Sabuwar rokar shirinta dabam ne, ba ta bukatar dabarar ko kaɗan. An bar ta ne kawai don an ce abin da ke aiki lafiya kada a taɓa shi. Wa zai ce wannan ba magana ce ta hankali ba? Ni kaina na sha faɗa wa yarana haka a shago.

Kuma kada ku ɗauka sakarkaru ne suka rubuta manhajar. Tun asali sun zauna sun duba, sun ga wurare 7 da lamba za ta iya fin gidanta. Suka sa wa 4 kariya, suka bar 3, don ba sa son aikin kwamfutar ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta, kuma lissafinsu ya nuna waɗannan ukun ba za su taɓa cika ba. Lissafin nasu gaskiya ne, amma ga tsohuwar roka. Da aka ɗauko na'urar aka sa a sabuwa, dalilin barin ukun ya riga ya nutse cikin tsofaffin takardu, ba wanda ya tono shi ya sake tambaya. Daɗin daɗawa, ba a taɓa ba na'urar hanyar da sabuwar rokar za ta bi an gwada ta a ƙasa ba. Bayan asara ta auku sai aka yi wannan gwajin, aka ɗura wa kwamfuta hanyar, sai ga shi ta mutu daidai yadda ta mutu a sama. Da an yi shi kafin ranar, da an gani.

Kwamitin ya ba da shawarwari 14. Ba zan jero su ba, lokaci ya ja. A ciki akwai cewa duk aikin da ba a bukata bayan tashi a kashe shi, kuma na'ura kada ta yi shiru gaba ɗaya don ta ga kuskure, ta ci gaba da ba da iyakar abin da ta sani. Sun kuma ce a daina ɗaukar manhaja a matsayin mai gaskiya har sai an kama ta da laifi, a riƙa zarginta har sai gwaji ya wanke ta. Abin da babu a rahoton shi ne sunan wani ƙaramin ma'aikaci da aka ce shi ya jawo. Sun ɗora laifin a kan yadda aka tsara aikin da yadda aka gwada shi.

Ba kullum ne sanadi ke ɓuya haka ba, kada in ba ku rabin labari. A watan Yuli 2013 wata rokar Rasha mai suna Proton ta tashi da taurari 3 daga Baikonur a ƙasar Kazakistan, ta yi ta tangaɗi, ta juyo da kai ƙasa ta faɗi. Da aka tono tarkace sai aka ga wasu na'urorin jin juyi an ɗaura su a kife, alhali da alamar kibiya a jikinsu. Wannan kam hannun mutum ne. Amma ko a nan sai da masu bincike suka tambayi yadda aka yi masu duba aiki ba su gani ba.

To ga dalilin da na ce zan faɗa. Shekarun baya ina da wani yaro da nake aikawa Arewa sayen citta. Ina ba shi wani tsohon sikeli na ratayawa da na gada wurin maigidana, Allah ya jiƙansa. Sikelin nan shekara da shekaru bai taɓa cin amanata ba, don ƙananan buhuna muke aunawa. Da kasuwa ta buɗe muka koma manyan buhuna, sai kaya suka riƙa isowa nan Kudu da giɓi, kowane buhu ya rage kilo biyar ko shida a kan abin da yaron ya rubuta. Tafiya ta farko na ce bushewa ce. Ta uku na ce sata ce. Yaron ya rantse, har da hawaye, ban saurare shi ba, na sallame shi a gaban mutane. Na sa wani, giɓi bai daina ba. Sai a lokacin na rataya wa sikelin nauyin da na tabbatar da shi, na ga in kaya ƙanana ne yana faɗin gaskiya, in sun yi nauyi sai ya ƙara. Gwajin bai ɗauke ni minti 10 ba. Yaron kuwa ya riga ya koma garinsu, daga can ya wuce wani wuri. Na aika sau biyu ba a same shi ba. Har yau haƙƙinsa na wuyana, kuma ina roƙon duk wanda ya san labarin, ya kuma san inda yake, ya taimake ni ya haɗa mu.

Malamai suna nan, su gyara mini in na kauce. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma abin da aka karantar da mu a Islamiyya shi ne Allah ya sanya wa abubuwa sababi, kuma neman sanin sababi ba jayayya da hukuncinsa ba ne. Ni a lokacin ban ma tsaya ga ƙaddara ba, na tsallake ta na kama bawan Allah.

Wani zai ce ina ruwanmu da taurarin Turawa. Ai mu ma da kuɗin ƙasarmu a sama. A watan Mayu 2007 aka harba wa Nijeriya tauraron sadarwa mai suna NigComSat-1 daga ƙasar Sin. Shi harbin lafiya aka yi shi, amma tauraron da aka yi don ya shekara 15, a watan Nuwamba 2008 ya mutu, saboda fikafikan da ke tara masa wuta daga hasken rana sun samu matsala. Sai a watan Disamba 2011 aka harba madadinsa. Ku samari masu karatu, irin wannan aiki yana jiran wasunku, kuma ranar da aka ce ku binciki wani abu, ku tuna da mutanen da suka shiga laka neman akwati biyu.

Su Turawan, bayan an gyara, sun sake harba Ariane 5 a watan Oktoba 1997, ta tashi amma ba ta kai daidai inda ake so ba. A Oktoba 1998 ta uku ta yi daidai. Daga baya ta zama abin dogaronsu, ita ce ma ta ɗauki babban madubin hangen taurari na James Webb a Disamba 2021, ta yi tashinta na ƙarshe a Yuli 2023 bayan tashi 117. Taurarin Cluster kuwa an sake ƙera wasu 4, aka harba su biyu-biyu da rokar Rasha a Yuli da Agusta na shekarar 2000, suka yi aiki har 2024.

Na ga ladan ya miƙe.   Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya kai matafiyanmu gida lafiya.